Yadda Ake Raba Farar Riga da Tabon Hammata

Farar riga ba ta cika mutuwa ta hanyar yagewa ba. Yawancin fararen kaftani da shaddodi da rigunan makaranta da ake jibgewa a ƙasan akwati, yadinsu da sauran ƙarfi, ɗinkinsu bai saki ba. Abin da ya raba su da masu su shi ne jirwayen nan mai ruwan ɗorawa da ke fitowa a hammata, wanda da farko sai an ɗaga rigar a rana ake ganinsa, daga baya ya yi duhu, wurin ya ƙandare har yatsa na jin taurinsa. A ƙasar da zafin bazara ke haura digiri 40 a Sakkwato da Maiduguri da Damagaram, kuma fari shi ne tufar Juma'a da Idi da ɗaurin aure, wannan asara ce da kusan kowane gida ya sani, balle yanzu da kuɗin yadi biyar na shadda mai kyau ya isa cefanen makonni. Mutane sukan ɗora laifin a kan gumi su haƙura. Ni kuwa ina ganin gumi rabin laifin kawai ke gare shi. Tabon da ya gagari wanki, abin da aka yi wa rigar bayan gumin ne ya zaunar da shi, wato jinkirin wanki, da bilic, da zafin dutsen guga. Duk wanda ya gane yadda waɗannan ukun ke aiki zai iya ceto mafi yawan rigunan da ya fid da rai da su, ya kuma hana sababbi bin sahunsu.

Sai an san abin da tabon ya ƙunsa kafin a san maganinsa. Jikin mutum na da mafitar gumi iri biyu. Ta farko ta bazu ko'ina a fata, goshi da baya da tafin hannu, kuma abin da take fitarwa kusan duk ruwa ne da ɗan gishiri. Shi ne ke barin farin shati a bayan riga mai duhu, ruwa zalla kuma na fitar da shi. Ta biyu tana zaune a gindin gashi, a hammata da matsematsi, ba ta fara aiki sai mutum ya balaga, shi ya sa rigar ɗan firamare ke yin datti a wuya da gaba amma hammatarta fes. Gumin wannan ta biyun yana da kauri, yana ɗauke da furotin da maiƙo. Shi kansa ba shi da wari lokacin da ya fito, ƙwayoyin bakteriya da ke zaune a fata ne ke cinsa su fitar da tsamin da aka sani. Ga kuma maiƙon da fata ke fitarwa don kanta, wanda idan ya daɗe yana shan iska launinsa ke juyawa zuwa rawaya. Zaren auduga kuwa mai tsotso ne, yana janye waɗannan duka zuwa cikinsa, ba a saman yadi kawai suke tsayawa ba.

Abu na uku, bayan gumi da maiƙon fata, shi ne wanda mutane da yawa ba su zarga, wato man hammata. Iri biyu ne a kanti, ko da yake kwalabensu sun yi kama. Akwai mai kashe wari kawai, ƙamshi ne da sinadarin rage bakteriya. Akwai kuma mai tsayar da gumi, wanda ke aiki da gishirin alminiyam: yana shiga ƙofofin gumi ya yi ɗan toshi a ciki na wani lokaci. Wannan gishirin idan ya goga a jikin yadi ya haɗu da furotin da maiƙo, sai su dunƙule su zama wani abu da ruwa ba ya narkarwa, kuma sabulu, da yake ɗan gidan kanwa ne ba na tsami ba, ƙara daskarar da alminiyam ɗin yake yi. Daga nan taurin nan yake zuwa. Wanda ke son sanin irin nasa sai ya juya kwalbar ya karanta jerin sinadaran da ke baya, in ya ga sunan alminiyam a sahun farko, mai tsayar da gumi ne. A nan ya kamata a yi wa masu goga alif, ko alimun kamar yadda wasu ke cewa, tuni: alif ma gishirin alminiyam ne. Kasancewarsa abin gargajiya da ake saya a hannun 'yan koli bai fitar da shi daga dangin ba, ko da yake ba ya tafe da kakin da maiƙon da ake haɗa na kwalba da su, don haka ɓarnarsa a yadi ba ta kai tasu ba.

To, tabon hammata hawa uku ne a wuri ɗaya: maiƙo, furotin, da gishirin ƙarfe. A ranar farko ukun duk a sake suke, ruwan sanyi da ɗan sabulu sun ishe su. Kwana uku ko mako a kwandon wanki, maiƙon ya sha iska ya soma rawaya, alminiyam ya kama zare. Sai kuma zafi. Duk wanda ya taɓa fasa ƙwai a kasko ya ga abin da wuta ke yi wa furotin: farin ƙwai ɗanye ana wanke shi da ruwa ya tafi, amma da zarar ya ji wuta ya daskare, ba ya komawa ruwa har abada. Haka furotin ɗin gumi yake yi a cikin zare idan aka zuba masa tafasasshen ruwa ko aka bi ta kansa da dutsen guga. Al'adar nan ta sa riga sau ɗaya, a rataye ta, gobe a sake goge ta a mayar don "ai ba ta yi datti ba", ita ce babbar mai haifar da tabon da ba ya fita. Kowace guga dafa gumin jiya take yi a cikin yadin, a ɗora na yau a kai.

Bilic shi ne wurin da na san za a yi mini gardama, domin kowa ya ga yadda yake mayar da dafaffen zanen gado fari tas. Gaskiya ne yana yi, kuma a kan tabon shayi ko zoɓo ko fumfuna ba shi da na biyu. Amma bilic na kulorin, irin su Hypo da Jik, idan ya haɗu da furotin launin rawaya yake haifarwa. Wannan ne dalilin da ya sa ba a sa shi a siliki da ulu, waɗanda zarensu furotin ne, kuma shi ya sa wanda ya tsoma hannu a cikinsa yake jin fatarsa ta yi santsi tana cinyewa. Idan aka zuba shi a hammatar riga, jikin rigar zai ƙara haske, tabon kuma ya ƙara duhu, sai bambancin ya fi fitowa. Mai wanki ya ga haka ya ɗauka bilic ɗin ne bai isa ba, ya ƙara, ya bar rigar ta kwana a ciki, aka yi gyaran gangar Auzinawa. Bilic ba ya narkar da alminiyam ko kaɗan, yana kuma cin zaren auduga a hankali, shi ya sa rigar da aka saba jiƙawa a cikinsa take fara hujewa daidai hammata, inda aka fi zuba shi aka fi cuɗawa. Yadin da ke da roba mai talewa a ciki, irin na rigunan ofis masu kama jiki, shi kam rawayar da bilic ke sa masa ba ta da magani.

Bula da sitaci ba su kai bilic ɓarna ba, amma suna yaudarar ido. Bula ba ta cire komai. Shuɗi ne siriri da ke zama a kan yadi ya kashe wa ido ganin rawaya, don haka rigar ta yi kamar ta yi fari alhali tabon na nan a ƙasa yana jiran wanki na gaba. Ba laifi a yi amfani da ita a ɗaurayar ƙarshe bayan tabon ya fita, laifin a mai da ita magani. Sitaci kuma lulluɓe tabon yake yi ya rufe shi, a zo da dutsen gawayi mai zafi a danne, ya zama an yi wa dattin rufi. Sitacin kansa yana gasuwa ya yi ja-ja in dutsen ya yi zafi da yawa.

Yanzu ga yadda ake fitar da wanda ya riga ya zauna. Aikin ba na ƙarfi ba ne, na bin tsari ne, kowane hawa da abin da ke sakinsa. A fara da duba yadin. Auduga zalla, da lilin, da yadin da aka gauraya auduga da roba, duk suna jure abin da za a faɗa. Siliki da ulu ba sa jurewa, a kai su wurin masu wankin zamani. In rigar na da aiki a wuya ko hannu da zare mai launi, a kiyaye kada magani ya taɓa shi, kuma ko yaya a ɗan gwada a lungun da ba a gani, kamar cikin kalmasar ƙasa, a jira minti goma a ga ko launi ya motsa. Sannan a juya rigar ciki ya koma waje, domin ta ciki tabon ya shiga, ta nan ya fi kauri. Matakin farko tsami ne, saboda tsami ne ke narkar da gishirin alminiyam. A sami farin ruwan kal, wanda tsaminsa yawanci kashi 5 cikin ɗari ne, a zuba kofi ɗaya a kofi huɗu na ruwan sanyi a ƙaramar roba, a tsoma hammatun biyu su nutse, a bar su kamar awa ɗaya. In babu kal, a matse lemon tsami a tace, a haɗa da ruwa daidai wa daida. Garin tsamin lemo da masu haɗa lemon kwalba ke saya ma yana yi, babban cokali ɗaya a lita ɗaya ta ruwa. Kada dai a ce tsamiya ma tsami ce a jiƙa ta, ita nata launin za ta bari. Bayan awa ɗaya a murza wurin tsakanin yatsu, za a ji taurin ya fara saki.

Daga nan a ɗauraye sosai da ruwa mai kyau, sau biyu in da hali. Wannan ɗaurayar ba ta ado ba ce. Abin da zai biyo baya ɗan gidan kanwa ne, in ya tarar da tsami a yadin sai su kashe juna. Wannan ne ma kuskuren da ke cikin shawarar da ake yawan bayarwa ta a kwaɓa kal da bekin soda wuri ɗaya: kumfar da ke tashi tana burge ido, amma alama ce ta cewa kowanne ya cinye ƙarfin ɗan'uwansa, abin da ya rage ruwa ne da ɗan gishiri. Mataki na biyu na maiƙo da furotin ne. A ɗiga sabulun ruwa na wanke-wanke a kan tabon, domin shi don yanka maiƙo aka yi shi, a bi da tsohon buroshin haƙori mai laushi ana gogawa a hankali, bin tsawon zare, ba a kewaye ba. Sai a jiƙa rigar a ruwa mai ɗumi, ɗumin da hannu ke jin daɗinsa, wajen digiri 30 zuwa 40, da garin sabulu, wanda kowa ke kira omo ko da wane kamfani ya yi shi. A zaɓi wanda aka rubuta yana da inzayim a ciki, irin su Ariel. Inzayim wasu sinadarai ne da ke daddatsa furotin da maiƙo su zama ƙanana yadda ruwa zai kwashe su, amma suna bukatar lokaci, kuma tafasasshen ruwa kashe su yake yi. Awa ɗaya zuwa biyu a jiƙe ta fi cuɗa ta rabin awa amfani, ta kuma fi tausaya wa yadin. Inda ba a samu irin wannan omon ba, ruwan farar kanwa da aka jiƙa ya kwanta aka tsiyaye na sama yana taimaka wa sabulun sanda yanka maiƙo. A tace shi da kyau saboda yashi, kuma a guji jar kanwa.

Tabon da bai wuce 'yan makonni ba, galibi a nan yake ƙarewa. In an ɗauraye an ga sauran rawaya, to launi ne ya rage, sai mataki na uku. A je kemis a sayi ruwan haidirojin, wanda ake wanke ciwo da shi yana kumfa. A karanta jikin kwalbar: in kashi 3 cikin ɗari ne a yi amfani da shi haka, in kashi 6 ne a surka shi da ruwa daidai yawansa. A kwaɓa cokali biyu nasa da cokali biyu na bekin soda, wato farar hodar da masu yin kek ke saya, ba bekin fauda ba, a ƙara ɗan ruwa har ya yi kaurin koko. A shafa a kan tabon ciki da waje ya rufe shi, a ajiye a inuwa rabin awa zuwa awa ɗaya, in ya fara bushewa a yayyafa ruwa. Haidirojin ma bilic ne a haƙiƙa, amma da iskar oksijin yake aiki, ba ya mayar da furotin rawaya, kuma in ya gama aikinsa ruwa da iska yake komawa. Haske da zafi suna lalata shi, shi ya sa ake zuba shi a kwalba mai duhu, kuma wanda aka buɗe ya daɗe a kan taga ya riga ya zama ruwa, sai a sayi sabo. Wanda ke da riguna da yawa zai fi samun sauƙi da garin cire tabo mai oksijin, irin su Vanish, a jiƙa su gaba ɗaya bisa awon da ke jikin fakitin. Wannan garin ya fi aiki a ruwa mai ɗan zafi, kuma a wannan matakin zafin ba zai cutar ba tunda an riga an fitar da furotin. Amsar masu cewa ruwan zafi ya fi fitar da datti ke nan: suna da gaskiya a kan maiƙo, kuskurensu a kan lokacin da suke kawo shi ne.

Sai a wanke rigar duka kamar yadda aka saba, a ɗauraye har ruwa ya fita garau, a shanya a rana. Rana tana ƙara wa farar auduga haske, musamman tana jiƙe, kuma wannan kyauta ce da muke da ita fiye da bukata. A lokacin hunturu dai a kwashe da zarar ta bushe, kada ƙura ta mayar da aiki baya. Hukunci ba ya yiwuwa sai rigar ta bushe sarai, domin jiƙaƙƙen yadi yana ɓoye rawaya. A ɗaga ta a hasken rana, ba a ƙarƙashin ƙwan lantarki ba. In da saura, kada a kusanto da dutsen guga, a sake zagayowa daga tsami. Tabon shekara ɗaya yana iya cin zagaye biyu ko uku, kowanne yana rage shi. Akwai kuma wanda ba zai fita ba, gara a faɗa: wanda aka sha dafawa da guga ana bi da bilic har zaren kansa ya ƙone ya canja launi. Alamarsa ita ce wurin ya yi laushi, ba sauran tauri, amma launin bai motsa ba bayan zagaye uku, yadin kuma ya yi shara-shara. Irin wannan rigar a kai ta marina a rine ta, ta samu sabuwar rayuwa da shuɗi ko ruwan toka.

Akwai gargaɗin da ba na son ya shige a tsakiyar magana. Kada a taɓa haɗa bilic na kulorin da kal, ko lemon tsami, ko ruwan wanke masai, ko wani abu mai amoniya. Haɗin yana tayar da iska mai guba da ke ƙona ido da maƙogwaro da huhu, kuma a ƙuntataccen banɗaki tana iya kai mutum asibiti ko ta kashe shi. Robar da aka taɓa zuba bilic a ciki a wanke ta tas kafin a zuba tsami. Haidirojin da kal ma kada a zuba su a mazubi ɗaya. Wanda ya matse lemon tsami ya wanke hannunsa kafin ya fita shanya, domin ruwan lemon a fata in ya sha rana yana iya ƙona ta ya bar baƙin tabo, kuma wannan ya shafi masu goga lemon a hammata don maganin wari.

Wani lokaci kuma ruwan wankin ne da kansa ke da hannu. Ruwan rijiya da na burtsatse a wurare da yawa yana da nauyi, ana gane shi da yadda sabulu ke ƙin kumfa da farin ɓawon da yake bari a gindin buta. Sabulun sanda a irin wannan ruwan yana yin dusa-dusa da ke manne wa maiƙon hammata, don haka omo ya fi dacewa da shi, da ɗan kal a ɗaurayar ƙarshe. Wani ruwan kuma ƙarfe ne a cikinsa, in ya kwana a bokiti sai a ga ja-ja a ƙasa. In aka zuba bilic a irin wannan, tsatsa yake fitarwa nan take ta bi farar riga duka. Maganin tsatsa lemon tsami ne da gishiri a shanya a rana, sannan a riƙa barin ruwan ya kwana ya kwanta kafin a yi wanki da na sama.

Duk wannan wahalar ana iya kauce mata da aikin minti uku. Ranar da aka cire farar riga, kafin a kwanta, a juya ta, a riƙe hammatar a zuba ruwan sanyi ta baya, a goga ɗan sabulu, a murza, a ɗauraye, a rataye inda iska ke shiga. Ba wankin rigar duka ake nufi ba, tafin hannu biyu ne na yadi, kuma buta ɗaya ta isa, don haka uzurin tsadar ruwa a unguwannin da ake saya a wurin 'yan garuwa bai taso ba. Uzurin da ke da nauyi shi ne na masu shadda. Shadda mai tsada, irin Getzner da ake saƙawa a Ostiriya, ƙyallinta da ƙarar da take yi daga gyaran da aka yi wa fuskar yadin suke, kuma kowane wanki yana rage su, shi ya sa mai ita yake so ya sa ta sau uku ko huɗu kafin ta ga ruwa. Damuwarsa gaskiya ce. Amma a auna asarar biyu: ƙyallin da ya ragu, sitaci da masu bugu suna dawo da mafi yawansa, tabon da ya dahu kuwa babu mai bugun da zai fitar da shi. Mafita ita ce a wanke hammatar kaɗai, ba da buroshi ba, a danna da tsumma mai tsabta maimakon murzawa, a shimfiɗa ta bushe, kuma in za a sake sa rigar ba tare da cikakken wanki ba, a goge ko'ina ban da nan.

Abin da ya fi wannan ma shi ne kada gumin ya isa ga rigar. A nan akwai wani abu da ke gaban idon kowa amma ba a cika lura da shi ba: singiletin da yawancin maza ke sawa ba ta da hannu, an yanke ta daidai ta bar hammata a buɗe. Tana tare gumin ƙirji da baya, ta bar wurin da ya fi bukatar kariya yana goga kai tsaye a jikin shadda. Farar 'yar ciki ta auduga mai gajeren hannu, wadda ta ɗan kama jiki, ita ce ke yin aikin. Za a ce ƙarin zafi ce a watan Afrilu, kuma akwai ƙamshin gaskiya, sai dai siririyar auduga tana tsotse gumi ta bar shi ya bushe, kuma kuɗinta bai kai kuɗin ɗinkin kaftani ɗaya ba. Wanda ba zai iya ba, ya sa tela ya yanka masa ƙyallen auduga mai siffar jinjirin wata, ninki biyu, a maƙala a cikin hammata da maɓalli ko ɗan ɗinki mara ƙarfi, a riƙa cirewa ana wankewa. Telan kuma a roƙe shi ya saki hammata. Ɗinkin zamani mai matse kafaɗa yana manna yadi a fata ya hana iska shiga, alhali jamfar iyayenmu mai faɗin hannu ba ta san wannan matsalar sosai ba.

Game da man hammata, wasu za su ce tunda alminiyam ne tushen taurin, a daina shi kawai. Ga wanda guminsa kaɗan ne, wannan shawara ce mai kyau, ya koma mai kashe wari zalla. Ga mai yawan gumi kuwa, dainawa na nufin ƙarin gumi a yadi, da tabon maiƙo da furotin ko babu alminiyam. Abin da ya fi masa shi ne ya gyara yadda yake shafawa. Likitocin fata suna ba da shawarar a shafa mai tsayar da gumi da dare, a busasshiyar fata, lokacin da gumi ya yi ƙasa, don ya sami shiga ƙofofin ya zauna, kuma wankan safe ba ya fitar da wanda ya riga ya shiga, na saman fata kawai yake wankewa, wanda dama shi ne ke ɓata riga. In da safe za a shafa, a yi shafa ɗaya ko biyu siriri, a jira ya bushe sarai kafin a sa riga. Cire gashin hammata, wanda addini ya riga ya sa cikin tsaftar jiki ya kuma hana a bar shi ya wuce kwana 40, yana rage wurin da maiƙo da mai ke taruwa. Turare mai maiƙo, irin na oud da ake ɗigawa, a shafa shi a fata ko a 'yar ciki, domin a farar riga shi ma tabon kansa yake bari. Wanda kuma gumi ke zubo masa ko a cikin sanyi har yana hana shi sakewa cikin mutane, ya ga likita, akwai magani. Gumin dare mai jiƙa shimfiɗa tare da tari da rama kuwa maganar asibiti ce ta gaggawa, kuma mai shan maganin tarin fuka ya sani ɗaya daga cikin ƙwayoyin yana mayar da fitsari da gumi ruwan lemo, kada ya tsorata ko ya daina sha saboda riga.

Saura mai wanki da guga, wanda a gidaje da yawa shi ne ke da rigar daga ranar da aka cire ta. Ba a raina sana'arsa ba, amma shi ana biyansa ne a kan riga ta dawo fara, a goge, a kan lokaci, kuma bilic da bula da dutse mai zafi su ne gajeriyar hanyar zuwa can. Ba zai jiƙa riga ɗaya awa biyu a kal ba sai an nema an kuma biya. A nuna masa hammatar da hannu, a ce, "Malam, wannan kada a sa mata bilic, in bai fita ba a dawo mini da ita ba guga," a ba shi kal da haidirojin ɗin, a ƙara masa wani abu a kan kuɗinsa. Kayan da ake ajiyewa daga Salla zuwa Salla kuma a wanke su kafin a ninke, ko da sau ɗaya aka sa kuma ido bai ga komai ba, domin maiƙon da ba a gani yau shi ne rawayar da za a tarar bayan wata goma. A ajiye su ba sitaci, saboda sitaci na jawo kyankyaso da sauran ƙwari masu cin yadi, a naɗe su a tsohon farin zanen auduga maimakon leda, wadda ke riƙe laima, sai ranar da za a sa su a kai a yi sitaci da guga.